Ranar da Hamid Ya Ɓalle Ƙofar Taron Likitoci

Hamid dillalin shanu ne a Maiduguri. Shuwa ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ba a birni aka haife shi ba. A dajin da ke kudu da Konduga ya tashi, a bayan garken mahaifinsa, kuma da an bar shi da har yau yana can. Shekarar da rikici ya iso ƙauyensu ne ya baro. Da hantsi wasu 'yan bindiga suka zo a kan babura, suka kora shanun gaba ɗaya. Ƙanensa Yunus ya bi su a guje yana kiran sunan wata saniya da ya raina tun tana maraƙa, ɗayansu ya juyo ya harbe shi a wuya. Hamid yana kwance a wani kwari da ruwa ya zaizaye, yana kallon ƙafafun Yunus suna shure ƙasa har suka daina.

Ya shigo birni da matarsa Kaltumi, da 'ya'yansu, da sandar kiwonsa. Suka kama haya a unguwar Wulari. Tun da ba shi da sauran dabba ko ɗaya, sai ya koma sayar da na mutane a Kasuwar Shanu.

A kasuwar an san shi da abu guda: ba ya sa baki a cinikin dabbar da bai taɓa da hannunsa ba. Sai ya shafa tozo, ya matsa haƙarƙari, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sa an ja ta ta taka a gabansa. Sauran dillalai tuni suka koma ɗaukar hoto a waya suna tura wa mahautan kudu, a gama ciniki ba a ga juna ba. Sukan tsokane shi.

"Hamid, duniya ta wuce ta bar ka a Konduga. Tura hoto mana!"

"Hoto yana tari?" in ji shi. "Hoto yana ɗingishi? Wanda ya sayi hoto, hoto zai yanka."

A gida ba mai iya sa shi dariya sai 'yarsa ta biyu, Munawwara. Tana sakandare, baki gare ta, kuma ita kaɗai ke kwaikwayon karyayyiyar Hausarsa a gabansa ta kwana lafiya. Wata rana ta dawo daga makaranta tana ɗingishi, gwiwar hagu ta kumbura. Aka ce targaɗe ne. Da kumburin ya ƙi saɓewa, Hamid ya kai ta wurin wani mai ɗori a Abbaganaram. Shi da kansa ya danne mata kafaɗu a kan tabarma, mai ɗorin ya kama ƙafar ya fizga. Wani abu ya ce ƙas a ciki. Munawwara ta yi ƙarar da ta sa matan gidan suka fito tsakar gida, sannan ta suma a hannunsa. Bayan wannan gwiwar ta ci gaba da hawa har ta kai girman ƙwarya, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu.

A wani babban asibiti da ke cikin gari aka ɗauki hoton ƙafar, aka ce ana zargin ciwon daji ne a ƙashi. Aka kwantar da ita.

Asibitin yana da tsarinsa a kan masu irin wannan ciwo. Ba likita ɗaya ke yanke hukunci ba. Kowace Laraba sukan taru a wani ɗaki a ƙarshen baranda: mai tiyata, da mai karanta hoto, da mai binciken tsokar da aka gutsuro daga jiki, da mai ba da magani. A waje akwai dogon benci inda 'yan uwa ke jira. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sista Florence, 'yar kudancin Borno, ita ke kiran suna. A tura maras lafiya ciki a keken guragu, a bar mutum ɗaya nasa ya shiga tare da shi.

Ranar da aka kira Munawwara, Hamid ya shiga ya tsaya a jikin bango. Ya ga babban likitan, wani dattijo da kowa ke kira Farfesa, ya durƙusa a gaban yarinyar ya ɗora tafinsa a kan gwiwar. Ya matsa nan, ya matsa can, ya sa ta miƙe ƙafar ta lanƙwasa, yana kallon fuskarta. Da ya tashi, wani ya durƙusa, sannan wani. Suka yi ta Turanci, daga ƙarshe Farfesa ya juyo ya yi masa bayani da Hausa: za a gutsuri tsoka kaɗan a bincika, in sakamako ya fito a sake zama a kanta.

Da suka fito, Hamid ya ce wa Kaltumi, "Waɗannan sun san aiki."

Ana jiran sakamakon ne korona ta iso. Gab da azumi aka sa dokar hana fita. Wani ma'aikacin asibitin ya mutu, tsoro ya shiga kowa. Aka ce Farfesa ya zauna a gida saboda shekarunsa da ciwon sukari. Mai binciken tsoka kuma rufe hanyoyi ya rutsa da shi a wani gari. Sai aka mayar da taron Laraba ta intanet, kowa ya shiga daga inda yake. Aka kuma hana kowane maras lafiya masu jinya fiye da ɗaya, don haka Kaltumi ta zauna da Munawwara, Hamid yana gida da sauran yara.

Wata Alhamis Sista Florence ta kira shi a waya.

"Baba Hamid, sakamako ya fito. Likitoci sun zauna jiya a kan Munawwara. Ciwon daji ne, kuma irin mai saurin yaɗuwa. Sun ce a cire ƙafar daga saman gwiwa, kada a ɓata lokaci, kafin ya haura ƙirji. Ka zo ka sa hannu."

"Sun zauna a ina? Uwarta ta ce ba wanda ya zo ya ɗauke ta."

"Ta kwamfuta, Baba. Kowa yana gidansa, amma suna ganin juna, suna magana."

"Wa ya taɓa ta?"

"Dokta Mikail yana duba ta kullum."

"Wannan yaron? Ina tsohon?"

"Farfesa ya ga hoton, ya ga sakamakon."

"Ya ga hoto," in ji Hamid. "Sista, ni ko akuya ba na yarda a sa mata wuƙa a kan hoto. Laraba zan zo. Su taru su taɓa ta a gabana kamar wancan karon. In sun ce a yanke, kalas, shi ke nan, a yanke."

"Baba, ba wanda zai taru, ka saurare ni..."

Ya riga ya kashe wayar.

Da la'asar Munawwara ta kira shi da wayar uwarta. Muryarta ta dushe, amma bakin yana nan.

"Abba, ƙafar nan tawa ce ko taka?"

"Tawa ce. Ni na haife ta."

"To zo ka ɗauke ta ka yini da ita ka ji. Wallahi ta ishe ni. Ka bari a cire, in samu barci."

Ya yi dariya, ya ce ta yi haƙuri zuwa Laraba. Shi a ganinsa kare ta yake yi. Sau ɗaya ya danne ta aka ja ƙafar nan ba bisa sani ba, ya rantse ba za a sake ba.

Ranar Laraba ya ɗauki sandarsa ya fito da safe da ƙafa, don ba Keke Napep ko ɗaya a titi. Azumi ne a bakinsa, zafin rana kuma tun da wuri ya fara duka. Bai yi nisa ba ya iske shinge. Wasu matasa 'yan sintiri ne, riƙe da gora da guntayen tiyo, sun jera mutane a bakin titi suna sa su tsallen kwaɗo. Ya fito da katin asibiti ya miƙa.

"Kowa asibiti za shi yau," in ji ɗayansu, bai ko kalli katin ba. "Baba, kama kunnenka ka shiga layi."

"Na haifi kamarka."

"To ka haifi mai dukanka."

Tiyon ya sauka a gadon bayansa, ya sake sauka. Wani ya doke shi a bayan gwiwa ya faɗi. Suka rufe shi. Rigarsa ta tsage daga kafaɗa, leɓensa ya fashe a kan kwalta. Yana ƙasa yana tofar da jinin da ke taruwa a bakinsa don kada ya haɗiye azuminsa ya karye. Bai saki sandar ba, bai kuma ɗaga ta ba. Sai da wani babba a cikinsu ya tsinci katin ya karanta, sannan ya ce a ƙyale shi.

Da ya isa asibiti, barandar ba kowa. An kife bencin don kada a zauna. Ya miƙar da shi ya zauna, bayansa yana zogi, ƙudaje suna bin rigar. Ƙofar ɗakin taron a rufe take.

Sai ya ji murya daga ciki. Muryar Farfesa ce, ba shakka, har da ɗan gyaran muryar nan da yakan yi. Wata muryar ta amsa, sannan wata. Hamid ya miƙe. Ashe suna ciki. Ashe ƙarya aka yi masa. Cikin Turancin ya tsinci sunan 'yarsa, ya sake tsintarsa, sannan wani ya yi dariya. Bai san cewa sabis ne ya ɗauke ya bar fuskar wani a daskare ba, abin da aka yi wa dariyar ke nan.

Ya ƙwanƙwasa. Sista Florence ta buɗe kaɗan, takunkumi a fuskarta. Ta ga leɓensa, ta ga rigar, idonta ya fito.

"Baba, me ya same ka? Ka jira ni minti kaɗan, muna cikin taro, yanzu zan fito."

Ta rufe, ta murɗa mukulli.

Ƙarar mukullin ce ta ƙarasa shi. Ya buga da tafin hannu. Ya buga da kafaɗa. Ya ja baya ya taka ƙofar da dukan ƙarfinsa, katakon ya tsage daga wurin kwaɗon, ƙofar ta bugi bango.

Kujerun an ɗora su kan juna a kusurwa. A bakin teburi mutum biyu ne kawai, Sista Florence da Dokta Mikail, matashin likitan ƙashi. A gabansu kwamfuta a buɗe, a cikinta fuskoki a ƙananan akwatuna. Ga Farfesa cikin jallabiyar zaman gida, labule a bayansa. Ga wani baki buɗe, ba ya motsi. Wani akwatin kuma baƙi ƙirin, suna kawai a rubuce.

"Me ke faruwa a can?" in ji muryar Farfesa daga cikin kwamfutar.

Hamid ya kalli abin. A cikin wannan aka yanke hukuncin sare ƙafar 'yarsa. Ya ɗaga sandar da hannu biyu. Bugun farko ya raba gilashin, fuskokin suka wargaje, amma muryar ba ta daina ba, tana ta kiran sunan Mikail. Ya ƙara. Dokta Mikail ya sunkuya zai janye kwamfutar, bugu na uku ya same shi a saman idon dama. Hamid ya san wannan ƙarar, ƙarar ƙashi ce. Likitan ya zame daga kujera ya zube, jini yana bin tsakanin yatsunsa zuwa farar rigarsa.

Ihun Sista Florence ya kawo masu gadi. Ba su tambayi komai ba. Kulki ya sauka a wuyan hannun Hamid, sandar ta faɗi, hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Suka kayar da shi, suka ja shi da ƙafa zuwa baranda, kansa yana bugun dokin ƙofa. Takalma suka shiga cikinsa da haƙarƙarinsa da fuskarsa. Ya ji haƙori a kan harshensa. Ba su daina ba sai da Sista Florence ta faɗa tsakaninsu da shi, hularta ta faɗi, tana ture su.

"Ya isa! Za ku kashe shi! Uban maras lafiya ne!"

Aka miƙa shi ga 'yan sanda. Kotuna a rufe suke saboda dokar, ba inda za a gurfanar da shi, ba mai ba da beli. Ya ƙarasa azumin a wani ɗaki da ba ya ɗaukar rabin mutanen da ke cikinsa, suna kwana a zaune, suna faɗa a kan wurin da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Hannun ya kumbura ya yi baƙi. Wani ɗan cikin ɗakin ya ɗaure masa shi da tsumman rigarsa, a haka ya kama, a karkace.

Abin da ya faru a asibiti a bayansa, daga baya ya ji shi daga bakin Kaltumi. Dokta Mikail shi ne kaɗai likitan ƙashi da ya rage yana shiga tiyata a wancan lokacin. Shi ne zai yi aikin. Sandar ta tsaga ƙashin da ke kewaye da idonsa, ya koma ganin abu ɗaya biyu, ba halin ya riƙe wuƙa. Aka nemo wani likita daga wani asibitin, ya ce zai zo. Sista Florence ta sami Kaltumi ta ce sa hannunta ita kaɗai ya wadatar.

"Mijina yana kulle, in sa a yanke masa 'ya?" in ji Kaltumi. "Da wane ido zan dube shi in ya fito?"

Munawwara ta yi ta roƙonta, ta yi kuka, ta jefe ta da kofi. "Ammi, ke ma sai kin taɓa? Ba ke ke wanke ta kullum ba?" Kaltumi ta yi ta juya maganar har ta yarda. Amma ranar da ta yarda ɗin, gwaji ya nuna wata ma'aikaciyar ɗakin tiyata ta kamu da korona, aka rufe ɗakin, aka killace duk masu aiki a ciki.

Bayan Sallah aka saki Hamid. Dokta Mikail ne ya je da kansa ya ce ya yafe, ba ya neman komai. Hamid bai biya gida ba, asibiti ya wuce. Ya iske Sista Florence ya ce ta kawo takardar ya dangwala yatsa, a yanke yau.

"Sai an sake ɗaukar hoto, Baba," ta ce, ba ta dube shi ba.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin mata ya ji warin. Gwiwar ta fashe, ana canja auduga ba ta daina jiƙewa. Munawwara ta rame har idanunta sun yi mata yawa. Ta ga bakinsa ba haƙoran gaba, ta fara dariya, dariyar ta koma tari, ta kai ƙyalle baki. Da ta janye shi akwai ja a jiki.

Larabar da ta biyo aka kira shi cikin ɗakin taron. An gyara ƙofar da wani katako mai launi dabam. Ba a sayi wata kwamfutar ba, wayar Sista Florence aka jingina da kwalbar ruwa. Dokta Mikail yana zaune, tabon ɗinki ya raba masa gira, fatar idon ta ɗan sauka. Shi ya ja wa Hamid kujera. Suka yi Turancinsu, suna nuna wani hoto mai ɗige-ɗigen fari. Sannan Farfesa ya matso da fuskarsa har ta cika wayar, ya koma Hausa.

"Malam Hamid, kana ji na? Ciwon ya hau huhu, duka biyun. Yanzu ko an cire ƙafar ba zai tsayar da shi ba, wahala kawai za mu ƙara mata. Za mu ba ta abin da zai rage zafi. In kana so ka kai ta gida, ka kai ta."

"Na ji," in ji Hamid.

Shi ya ɗauke ta daga gado zuwa mota, da hannu ɗaya da rabi. Ba ta da nauyi, ƙafar ce kawai mai nauyi. A hanya ta jingina da kafaɗarsa ta ce, "Abba, ka ci nasara fa. Ga ƙafarka nan, ba wanda ya taɓa maka." Da wasa ta faɗa. Da ta ɗago ta ga fuskarsa, sai ta kama karkataccen hannun ta riƙe har Wulari.

Ta kai tsakiyar damina. Kwanakin ƙarshe numfashi ne ya zama mata aiki, a zaune take yini, an tokare ta da matasai, tana jan iska kamar ta cikin tsumma. Ta rasu wata Juma'a da hantsi, ana yayyafi. An sassauta doka a lokacin, dillalan Kasuwar Shanu suka cika layin, har da masu tsokanar Hamid. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta.

Bayan an share makoki ya koma asibitin. Ya jira Dokta Mikail ya gama ganin marasa lafiya, ya bi shi zuwa inda yake ajiye mota. Suka gaisa. Likitan ya yi masa ta'aziyya.

"Likita, abu ɗaya na zo tambaya. Ka gaya min gaskiya, don Allah. Da na zo ranar Alhamis ɗin nan na sa hannu, da ta rayu?"

Dokta Mikail ya daɗe yana juya mukullin motar a hannunsa.

"Ban sani ba, Baba. Wasu ana yankewa da wuri su rayu. Wasu kuma ciwon ya riga ya tafi tun kafin hoto ya nuna. Ban san wacce ce ita ba."

"Amma kai me ka gani? Kai ka taɓa ta."

"Na taɓa ta kullum. Ban sani ba."

Hamid ya yi masa godiya ya tafi. A gida ya iske Kaltumi a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta san inda ya je. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me ya ce?"

Ya tsaya a kanta. Zai iya ce mata likita ya ce ko an yanke ba za ta rayu ba, kuma za ta karɓa, su biyun su samu abin riƙewa.

"Ya ce bai sani ba."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta matsa gefe a kan tabarmar, ya zauna.